Ƙafafun mota mai ɗaki ba kirik ba ne: yadda nake tsai da tawa ta bar rawa

Daren farko da muka kwana cikin motar nan, a garkar kawuna bayan garin Tahoua, ban yi barcin kirki ba, uwargida ma haka. Duk wanda ya juya sai motar ta amsa. Na tashi tsakar dare in sha ruwa, taku uku ne kacal daga gado zuwa inda bido yake, amma sai da ƙaramin yaronmu ya farka yana tambaya wai ko mun kama hanya ne. Da asuba na dafa shayi na zuba a ƴan kofuna kan tebur, ɗan ƙanena ya tako matakalar ƙofa da gudu zai gaishe ni, kofi biyu suka tuntsure. Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, wai ɗaki ka sayo mana ko jirgin ruwa?"

Motar tsohuwar kampin-kar ce, wato mota mai ɗaki, kan Fiat Ducato aka gina ta, na saye ta hannun wani Bature da ya gama aikinsa a Yamai zai koma gida. Ni makanike ne, inji na duba da bitas da furen, sauran tarkacen ɗakin kuwa yana ta bayani ina gyaɗa kai kawai. Sai da muka dawo daga waccan tafiyar na kwanta ƙarƙashinta a garaji na ga wasu ƙarafuna biyu a naɗe can baya, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙura ta rufe su har sun koma launin ƙasa. Ashe manibel ɗin da na tarar bayan kujera, wanda nake zaton na sauke tayar sekur ne, nasu ne. A takardun Faransanci sunansu vérins stabilisateurs, wasu su ce béquilles, in za ka sa a sayo maka daga waje sunan da za ka faɗa ke nan. Mu a garaji ƙafafu muke ce musu, shi ke nan. Karaban, wadda ake ja da wata mota, huɗu gare ta, kowace kusurwa ɗaya. Kampin-kar galibi biyu ne a baya, wasu ma ba su zo da ko ɗaya ba.

Abin da ke sa ta rawa ba wani asiri ba ne. Zaune take kan risor da tayoyi, su kuma an yi su ne don su lotsa su dawo, shi ya sa kake ratsa ramukan hanya haƙoranka ba su zube ba, kuma don ka kashe inji ba su daina aikinsu ba. Sannan ka dubi bayanta, daga tayar baya zuwa ƙarshen ɗakin akwai tsawon da ke rataye a iska, a tawa ya fi mita ɗaya da rabi, kuma can gadon yake. Mutum mai kilo 80 in ya zauna can ƙarshe kamar yaro ne ya ɗare bakin amalanken da aka kwance wa jaki. Aikin ƙafafun shi ne su haɗa wancan bayan da ƙasa, motsin ya bi ƙarfe ya sauka maimakon ya shiga risor. Iyakarsu ke nan. Nauyin motar, wanda a irin waɗannan yake kaiwa tan 3 zuwa 3 da rabi in an yi lodi, kan tayoyi yake kuma kan tayoyi zai zauna.

Ina nanata wannan ne saboda ni na yi wautar da hannuna. Satin da na gano su daɗi ya ɗebe ni, na kai motar wani fili gefen kogi inda ƙasa ta ɗan karkace, na ce ai ga abin miƙe ta Allah ya kawo. Na kama ƙafar gefen da ya yi ƙasa ina juya manibel, yana tauri ina ƙara ƙarfi, har na sa aparantina ya zura bututu a hannun manibel ɗin don mu samu tsawo. Ya ce, "Patoro, kamar fa ƙarfen nan yana kuka." Na ce kai dai juya. Motar ta ɗaga, ba ƙarya, sai dai da na je buɗe ƙofar ɗakin ta ƙi sai da na sa kafaɗa, ƙofar kabad ɗin kicin kuma ta daina haɗuwa da ƴar'uwarta. Jikin ɗakin na murɗe. Daben waɗannan motoci siririn katako ne sama da ƙasa da wani soso mai tauri a tsakiya, bangon ma kusan haka yake, ba a yi su don a tokare kusurwa ɗaya a ɗaga ba. Allah ya taimake ni da na sassauta ƙofar ta koma daidai, amma dogon sukurun da manibel ke juyawa ya lanƙwashe, notin da yake bi a ciki haƙoransa sun cinye. Akwai kuma abin da ban yi tunani ba sai daga baya, furen hannu na Ducato tayoyin baya yake kamawa. In ka ɗaga baya har taya ta yi sakayau a ƙasa, ka cire wa motar furen ke nan da kanka, kuma a gangare muke ranar.

To ga yadda nake yi yanzu, daga isowa har tashi.

Kafin komai, sauka ka taka wurin da ƙafarka. Rabin aikin a nan yake, wanda ya zaɓi wuri mai kyau ba ya shan wahalar sauran. Ƙasarmu kala-kala ce kuma kowace da halinta. Fako da jar ƙasar latarit su ne na fi so, da rani kamar siminti suke. Yashi ba ya riƙe komai, ƙafar ƙarfe tana nutsewa cikinsa sannu-sannu kamar ƙafar kujera a tsakar gida. Laka ta fadama ko ta bakin kogi ita ce mayaudariya, da rana ka ga ta bushe ta tsattsage ka ce dutse ce, ruwa ɗaya ya sauka da dare ka wayi gari motar ta zauna. Gudron ma da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana yin laushi, ƙafa tana barin masa tambari. Cikin kori kuwa da damina ko yashinsa ya yi maka shimfiɗa kamar katifa kada ka kwana, ruwan da aka yi can nesa wanda ko hadarinsa ba ka gani ba yana iya iske ka da tsakar dare, duk ɗan Adar ya san wannan. Ka dubi sama ma, inuwar dogon yaro da daɗi amma reshe busasshe yana karyewa, ƙarƙashin aduwa kuma ƙaya ce ke jiran tayarka. In damina ce ni nakan juya gaban motar ya fuskanci gabas, don daga can iskar hadari ta saba tasowa, gara ta daki goshi da ta daki dogon gefen da ke kamar bango.

Abu na biyu da mutane ke mantawa, ka gama duk wani lodi da saukewa kafin ka taɓa ƙafafun. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bido huɗu masu lita 25 in ka juye su cikin tankin motar ka ƙara mata kilo 100 ke nan, risor zai ɗan zauna, in ƙafafun suna ƙasa a lokacin su za su ɗauki wannan nauyin. Haka in akwai babur ɗaure a baya ko buhunan albasa da aka ba ka tsaraba a Galmi, ka sauke su tukuna, in ba haka ba kana saukewa motar ta ɗago ƙafafun su koma lilo a iska ba su taɓa komai.

Sai daidaita motar, kuma wannan da tayoyi ake yinsa. Ka fara aunawa. Ni ina da ɗan nibo irin na magina, na ɗora shi kan daben ɗakin wajen tsakiya, sau ɗaya a tsaye daga gaba zuwa baya, sau ɗaya a gicciye daga dama zuwa hagu. Kada ka ɗora kan tebur, teburan nan da kansu a karkace suke. In babu nibo, kwalbar ruwa da ba ta cika ba ka kwantar da ita ka dubi inda iskar ta gudu, gefen da ta tafi shi ne ya yi sama. Wayoyin yanzu ma da yawa suna da nibo a ciki. Yarana lemun tsami suke ajiyewa a ƙasa su ga inda zai gangara, kuma wallahi yana aiki. In ka gane gefen da ya yi ƙasa, sai ka sa wa tayar wannan gefen abin hawa. Akwai na roba da ake sayarwa a Turai, kamfanoni irin su Fiamma da Milenco suna yi, masu matakala biyu ko uku. Nawa na katako ne, falanki na sayo a kasuwar Katako na sa kafinta ya yanka gida uku, dogo da matsakaici da gajere, ya ɗora su kan juna ya buga ƙusa, suka zama ƴar matakala. Sharaɗi ɗaya, faɗin katakon ya fi faɗin tayar, kada gefen taya ya kwana a rataye.

Ka ajiye abin hawan gaban tayar, a miƙe, ya manne da ita. Ka shiga ka sa bitas na farko, ka hau a hankali, wani yana tsaye a gefe inda kake ganinsa a madubi ko ta taga, a gefe fa na ce, ba gaba ba ba baya ba. Ducato da tayoyin gaba take ja, a kan yashi in ka ba ta wuta da yawa tana iya harbo katakon baya kamar jaki ya yi tutsu, na ga ya faru, Allah ya sa ba kowa a wurin. In ka wuce matakalar da kake so kada ka yi ta wasa da ambirayaji a sama, koma ƙasa ka sake hawa. Da yawa cikin waɗannan motoci gabansu ya fi bayansu ƙasa ko a wuri mai kyau, saboda haka sau da yawa tayoyin gaba biyun ne za su hau. Wani lokaci kuma ɗan tona yashi ƙarƙashin tayar da ta yi sama da shebur ya fi ɗaga wadda ta yi ƙasa sauƙi, wannan dabarar a Tahoua na koye ta wurin direbobin manyan motoci.

Ba sai ta zama daidai kamar teburin biliya ba, amma kada ka ce ai ba komai. In firigonka irin mai aiki da gaz ne, wanda ba ya da kwamfaresa, ruwan amoniya ne ke zagayawa cikin bututunsa kuma gangarowa yake da nauyinsa, in motar ta karkace sosai zagayen yana tsayawa, firigo ya daina sanyi, in aka daɗe a haka ma ya lalace. Da zafinmu dama da ƙyar yake numfashi, kada ka ƙara masa. Ruwan dush ma ba ya samun ramin fita sai ya taru a lungu ɗaya. In dole sai an bar ɗan karkata, ka bar ta yadda kanka zai fi ƙafafunka tudu a gado, wanda ya taɓa kwana kai a gangare ya san ciwon kan da ake tashi da shi.

Ta daidaita? Ja furen hannu sosai, kashe inji, bar ta cikin bitas na farko, in otomatik ce ka sa P. Sannan ka ɗage ƙafarka daga furen a hankali, za ka ji ta ɗan zauna, santimita ɗaya ko biyu, bar ta ta gama zamanta. Ka sauka ka sa wa tayar da ke ƙasa kal gaba da baya, guntun katako mai kusurwa ko dutse mai faɗi. Sai yanzu ne aka zo kan ƙafafun, ka ga duk wannan aikin ba mu ko taɓa manibel ba.

Kowace ƙafa sai da abin takawa. Tafin ƙafar ɗan ƙarami ne, ka ce santimita 5 a kan 5, wato 25 ke nan in an buga. Katako mai 20 a kan 20 kuwa 400 ne, ninki 16, nauyin da zai huda yashi a ɗan wuri ya bazu ya rasa ƙarfi, dalilin da ya sa raƙumi ke tafiya inda jaki ke nutsewa. AL-KO suna sayar da wani faffaɗan takalmin roba da ake maƙala wa ƙafar, amma katako mai kauri kamar yatsu biyu ya ishe ka. Ka share wurin da tafin hannu ko shebur har ka kai ƙasa mai ɗan ƙarfi, katakon ya kwanta lumui ba ya girgiɗi. Bulon siminti mai rami kada ka yarda da shi, yana fashewa ba sallama. Ka riƙe guntaye kamar huɗu ko shida a mota, don in wurin ya yi zurfi a baya gara ka ɗora katako biyu ko uku da ka warware ƙafar har ƙarshenta. Ƙafar da ta miƙe tsaye ƙyam ta kai iyakar sukurunta ba ta da ƙarfin gefe, rawa take tare da motar, wadda kuma da ƙyar ta buɗe tana kwance-kwance duk wahalar kan sukurun take sauka. Tsaka-tsaki ake so, ta tsaya a jirkice kamar tokaren danga.

Yanzu ka zura manibel. Kan sukurun yawanci lamba 19 ne, amma ka gwada naka da kale kafin ka sayi wani abu. Ka juya, ƙafar tana saukowa, a nan hannu ɗaya ma ya isa don ba ta ɗauke da komai. Idonka kan tafin ƙafar, in ya kusa ka gyara katakon ya zo tsakiyarsa. Da ta taɓa za ka ji manibel ya canza a hannunka, ya ɗan yi nauyi. Daga nan rabin juyi, in ƙasar mai laushi ce juyi ɗaya, ka tsaya. Ka tsaya fa. A nan ne shaiɗanin makanikai ke raɗa maka ƙara ɗaya mana. Yadda nake gwadawa, in sa ƙafata in ɗan shuri katakon, in bai motsa ba ya isa. In kuma na ga jikin motar ya fara ɗagowa daga kan taya, ko na ji wani ƙas daga cikin ɗakin, na wuce gona da iri, sai in koma baya. Ka je ɗaya gefen ka yi haka, sannan ka dawo na farkon ka sake taɓawa, don wani lokaci na biyun yana ɗan sassauta shi. Mai karaban ya yi na baya biyu tukuna sannan na gaba, kuma kada kowa ya shiga ciki kafin na bayan su sauka, karaban tana iya ɗaga hanci ta zauna da gindi.

Masu son sauƙi suna sa injin huda mai batir da kan kale 19 maimakon manibel. Ba laifi wurin saukowa da hawa, ni ma ina yi in gwiwa ta dame ni, amma ka rage masa ƙarfi kuma ka ƙarasa juyin ƙarshe da hannu, don inji ba ya jin abin da tafin hannu ke ji. Wancan mai bugu da muke kwance notin taya da shi kuwa, ko kusa, minti ɗaya ya ishe shi ya cinye notin ƙafar.

Gwaji na ƙarshe a ciki ake yinsa. Buɗe ƙofar ɗakin ka rufe, in ta shiga da yatsa ɗaya lafiya lau, in tana gogar wani wuri da ba ta saba ba wata ƙafa ta yi yawa. Ka taka har ƙarshen gadon ka dawo. Za ka ji bayan ya tsaya cak, gaban kuma in ƙafa biyu gare ka zai ɗan riƙa motsi kaɗan, wannan haka yake, kada ka je ka ƙara matse na baya don ka kashe shi, ba daga can yake zuwa ba. Ni da na iya sallar nafila a ciki ban dafa kabad ba wurin tasowa daga sujada, na san aiki ya yi.

Kada ka ɗauka an gama har ranar tafiya. Bayan awa biyu ko uku ka sake zagayawa, da safe ma haka. Yashi yana zama, ruwan tanki yana raguwa motar tana ɗagowa, tankin ruwan datti yana cika ta wani gefen, iskar taya ma da ta kumbura da zafin rana tana ɗan komawa da sanyin asuba, musamman lokacin hunturu da dare da rana suke kamar garuruwa biyu. Kwata ɗin juyi ko rabi yakan isa. Bayan ruwan sama kuwa dole ne. Kuma in hadari ya haɗo ka naɗe rumfar gefen motar tun kafin iska ta iso, ƙafafun suna rage girgiza amma ba ƙusa ba ce da ta kafe motar a ƙasa.

Wani abu da babu shi a takardar Turawa: ƙafar nan gada ce. Tururuwa da cinnaka suna binta su hau har cikin kabad ɗin sukari, da muka sake komawa garkar nan ta kawu, kwana biyu muka yi muka ga layi kamar ranar kasuwar Badagishiri. Toka nake zagaya wa kowane katako, tana taimakawa, in iska ta kwashe a ƙara. In za a daɗe wuri ɗaya gara ma tana samun katakon ta ƙasa. Ranar ɗaukewa kuma kada ka zura yatsu ƙarƙashinsa, ka fara juya shi da ƙafa ko da manibel, kunama tana son wurin.

Ranar tashi komai a juye yake, abin da ka yi ƙarshe shi za ka fara warwarewa. Ƙafafu su fara hawa, har ƙarshe, sai ka ji sun zauna a mazauninsu. Sannan ka cire kal, sannan ka sauko daga abin hawa. In ka sauko daga katakon ƙafafu suna ƙasa, ko da santimita goma ka matsa, ka lanƙwashe su ko ka yage inda aka ɗaure su. Wani abokina mai irin motar ya ja tasa da ƙafa ɗaya a ƙasa, ya yi wa filin huɗa kamar garmar shanu kafin yara su tsai da shi da ihu. Tun daga ranar, da na gama sauke ƙafafu nake rataye manibel ɗin a bolan, ba yadda za a yi in tuƙa ban ɗauke shi ba, in na ɗauke shi kuma na tuna. Duk da haka sai na zagaya motar sau ɗaya na duƙa na leƙa. In hanyar latarit ce mai ƙwarƙwaɗa nakan ɗaure kowace ƙafa da robar tsohon shambur, don girgizar tana iya warware sukurun da ya tsufa, ƙafa ta riƙa saukowa kana tafe ba ka sani ba. Ka tuna kuma su ne abin da ya fi kusa da ƙasa a can baya, wurin gangara kori ko hawa tudun rage gudu ka bi a hankali, a ɗan karkace in da hali.

Wanda motarsa ba ta zo da ƙafafu ba, ba sai ya jira kaya daga Faransa ba. Akwai masu zaman kansu, ƴan shandel masu sukuru a ka, a ajiye a ƙasa a murɗa har su taɓa. Ko ka je wurin masu kayan tsofaffin motoci ka samo ƙananan kirik biyu irin masu buɗewa kamar almakashi. Suna aiki, sai dai su da gaske suna iya ɗaga mota, saboda haka hannunka ne zai yi hankalin da ƙarfen ba ya da shi, taɓawa da rabin juyi, kamar dai waɗancan. Inda za ka tokara shi ne ƙarfen shasi, dogayen nan biyu da suka bi tsawon motar, da ɗan katako ko roba a tsakani. Daben ɗaki, tankin ruwa, bututun hayaƙi, robar bamba ta baya, duk ba wurin tokarawa ba ne. In kana son a ɗaura maka na dindindin, a nemi ramukan da ke jikin shasin tun daga kamfani a sa bulon, ni ban yarda mai walda ya kunna wuta a can ba, ga bututun gaz ga wayoyi ga tankin roba duk a wuri ɗaya. Akwai kuma masu aiki da mai, ƙafa huɗu, ka danna maɓalli motar ta daidaita kanta, waɗannan an yi su don ɗagawa, wani abu ne daban kuma kuɗinsu ya kusa sayen wata ƙaramar motar. Canjin taya dai da kirik na ainihi ake yinsa a wurin da aka tanada, ƙafafun suna sama, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da ke dogare da su ko don ɗauko kale da ya faɗi.

Saura kula da su, wanda a ƙasar nan yaƙi ne da ƙura. Takardun Turai za su ce ka shafe sukurun da giris. Can ruwa da gishirin hanya ke cin ƙarfe, nan kuwa giris mai yawa yana kama yashi su haɗu su zama abin wasa wuƙa, kowane juyi yana cin haƙoran notin. Ni abin da nake yi, in warware ƙafar har ƙasa, in goge sukurun da buroshin ƙarfe, in wanke da ɗan gazuwal a tsumma, in bari ya bushe, sannan in shafa mai kaɗan ƙwarai in sake gogewa har ya zama kamar ba a sa ba. Sau ɗaya bayan hunturu, sau ɗaya bayan damina, da duk lokacin da muka dawo daga Tahoua, don kilomita wajen 550 ɗin nan ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni ba ƙaramar ƙura suke tarawa a ƙarƙashi ba. Ka duba bulon da suka riƙe ƙafar da jikin mota ma, suna sassautawa. Ta hagun da na lanƙwasa mun miƙe sukurunta a garaji mun sa mata sabon noti, tana aiki, amma har yau in ta zo tsakiya sai ta ɗan cije ta yi ƙara, aparantin nan kuwa duk ranar da ya ji sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ba ya cewa komai.